Gubar da Ido Ba Ya Gani: Yadda Ake Auna Ruwan Sha

Manoma, makiyaya da ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan fitowa a kan ruwan sha yake.

Ba sai an gaya wa mutumin Damagaram darajar ruwa ba. Birnin yana zaune ne bisa dutse, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa da yawa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan, suka mai da shi Yamai a 1926. Har yau ruwan famfon birni daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya a kudu, da na Arunguza da Ganaram a arewa. Wanda ya kwana a layin famfo da bido, ko ya jira ɗan garuwa tun asuba, idan ya samu ruwa ba ya tsayawa tambayar abin da ke ciki. In ya ga ya yi garau, ba wari, ba ɗaci, sai ya yi bisimilla ya sha.

Ido da hanci da harshe shaidu ne, amma ba a kowace shari'a suke iya ba da shaida ba. Sun taimake mu a yaƙin kurkunu, wanda ya daɗe yana kwantar da manoman yankin Mirriya a tsakiyar damina. Ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu ƙyallen tacewa yana tare shi, kuma da tace ruwa da sauran matakai aka kai ga 2013, shekarar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar. Sai dai mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga wani abu dabam. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba su ruwan wata rijiyar burtsatse, ruwa fari tas. Bayan shekaru sai aka ga haƙoran yara sun rine, ƙafafun wasu sun lanƙwashe. Da aka auna ruwan, aka tarar sinadarin fuluwo da ke ciki ya ninka ƙa'idar OMS, wato miligiram ɗaya da rabi a lita, fiye da sau uku. Dubban yara abin ya shafa. Fuluwo daga dutsen ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ba ya cikin dangin gubar da za mu yi magana a kanta yau. Mun kawo shi ne domin mu tuna cewa ruwa yana iya yin kyan gani shekara da shekaru yana ɓarna, kuma awo ne kaɗai ya tona asirinsa.

Wace irin guba ce?

Masana sun kasa abubuwan da ke ɓata ruwa gida uku. Akwai ƙwayoyin cuta masu rai, irin masu kawo zawo da kwalara. Akwai gishiri da ƙarafa na cikin ƙasa, irin fuluwo da darma. Na uku su ne sinadaran da aka gina a kan karbon, wato ainihin abin da ke cikin gawayi. Jikin duk wani mai rai a kan karbon aka gina shi, haka ma man fetur da abubuwan da masana'antu ke sarrafawa daga gare shi: maganin ƙwari, maganin ciyawa, fenti, roba, baƙin man mota. Waɗannan na ukun su ne darasinmu.

Ba halinsu ɗaya ba. Wasu suna da zafin kisa, amma ba sa daɗewa. Piya-piya, wanda gubarsa ake kira DDVP, cikin ƴan kwanaki yake lalacewa a ruwa, ko da yake kafin ya lalace yana iya kai mutum kabari. Wasu kuwa ba sa gaggawa, ba sa kuma tafiya. DDT da diyeldirin suna shekaru a cikin ƙasa. Ba sa narkewa sosai a ruwa, kitse suke so, saboda haka ɗan abin da aka sha yau yana taruwa a kan na jiya a cikin kitsen jiki, har ya fito a nonon uwa da na saniya. An daɗe ana feshin diyeldirin a ƙasashen Sahel domin kashe fara, kafin a daina a wajen ƙarshen shekarun 1980. Irin waɗannan masu naci ne suka sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar birnin Stockholm a 2001, ta fara aiki a 2004, kuma Nijar tana cikinta. Da sinadarai 12 aka fara. Ana ta ƙara wasu: endosulfan ya shiga a 2011, kulorpirifos ya shiga a 2025.

Ta ina suke shiga ruwanmu?

A jiharmu, inda ya fi cancanta a sa ido shi ne inda Allah ya fi sauƙaƙa ruwa, wato kwarin Korama da fadamun Matamaye, Magarya, Gidimuni da lambunan Mirriya. Ƙasar wurin yashi ce, kuma a wurare da yawa gaba biyu ko uku ake haƙawa a tarar da ruwa. Wannan albarka ita ce ta kawo rake da tumatir da kabeji da albasa, ita ce kuma take buɗe wa guba hanya, domin yashi ba ya riƙe abin da aka zuba masa. Mai lambu yana fesa magani da safe, ya yi ban ruwa da yamma, ruwan ya gangara da ragowar maganin zuwa rijiyar da shi da ƴaƴansa suke sha idan ƙishirwa ta kama su a lambu.

Ba feshin ne ma ya fi ba mu tsoro ba. Abin da ya fi muni shi ne haɗa magani a bakin rijiya, da tsoma gugan da ya taɓa magani, da wanke famfon feshi a tabki, da mai da bidon magani mazubin ruwa ko na nono. Bari mu yi lissafi. A ce rijiyar siminti ce mai faɗin mita 1 da santimita 80, ruwanta ya kai zurfin mita 2. Ruwan da ke ciki ya kai lita dubu 5. Akwai maganin ƙwari na kulorpirifos da ake sayarwa mai giram 480 na guba a kowace lita. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na wannan magani yana ɗauke da giram 2 da kusan rabi. Idan wannan cokali ɗaya ya faɗa rijiyar, ruwanta ya wuce ƙa'idar OMS sau 16. Cokali ɗaya ke nan, abin da bai kai wanda ke saura a gindin kwalba ba.

Ƙasashen ƙungiyar CILSS suna da kwamitin tantance magungunan ƙwari, CSP, wanda ya fara aiki a 1994. Ta hanyarsa aka hana endosulfan a 2007, parakwat a 2011, atarazin da karbofuran a 2015. Amma doka tana takarda, kasuwa tana kan iyaka. Duk wanda ya zaga kasuwannin ƙauye ya ga kwalabe da ƙunshin leda da ba su da lambar amincewa, wasu an juye su a kwalbar lemo, ba suna, ba bayani. Mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba, balle mai saye.

Hanya ta biyu ita ce man fetur. Tankin gidan mai da ya tsufa yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya gani. Masu sayar da mai a kwalba suna zubar da na zubarwa, makanikai suna tuttular da baƙin mai a rami. A cikin fetur akwai wani sinadari mai suna benzen, wanda aka tabbatar yana kawo kansar jini. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken ƙasar Ogoni, a kudancin Najeriya, inda ake haƙar mai. A garin Nisisioken Ogale an tarar mutane suna shan ruwan rijiyar da benzen ɗinta ya ninka ƙa'idar OMS fiye da sau 900. A wannan shekarar ce aka buɗe matatar SORAZ a arewacin birnin Damagaram, mai tace ganga dubu 20 a rana. Ba zargi muke yi ba. A ko'ina cikin duniya, inda aka kafa matata ko aka binne bututun mai, ƙa'ida ce a riƙa auna rijiyoyin kewaye a kai a kai, kuma haƙƙin mazauna wurin ne su ji sakamakon.

Ma'aunin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta

Manomi yana awo da tiya, mai shago da kilo, maƙerin zinariya da giram. Mai auna guba da mikrogiram yake aiki, wato giram ɗaya a raba shi gida miliyan a ɗauki ɗaya. Idan aka ce ruwa yana da mikrogiram ɗaya a lita, daidai yake da a narkar da giram ɗaya a cikin bido dubu 40 masu cin lita 25.

OMS ta yanka wa da yawa daga cikin waɗannan sinadarai iyakar da mutum zai iya sha tsawon rayuwarsa ba tare da an ji tsoron cutuwa ba. Atarazin mikrogiram 100 a lita, kulorpirifos 30, benzen 10, DDT 1. Diyeldirin kuwa kashi 3 cikin 100 na mikrogiram ɗaya kacal aka yarda. Ma'anarsa, giram 3 na diyeldirin, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ya isa ya kai ruwan bido miliyan 4 bakin iyaka. Ƙasashen Tarayyar Turai sun fi tsanantawa a kan yawancin magungunan ƙwari: ba su yarda kowane ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin 10 na mikrogiram ba. Wane harshe ne zai ɗanɗana wannan?

Aikin ɗakin awo

Awo yana farawa tun daga bakin rijiya, kuma a nan ne aka fi ɓata shi. Ba a ɗibar ruwan awo a robar ruwa ko kwalbar lemo, domin roba tana shanye wasu sinadaran, tana kuma sakin nata. Kwalbar gilashi ake amfani da ita, mai duhun launi don kada rana ta lalata abin da ake nema, wadda ɗakin awo ya wanke da kansa. A rijiyar burtsatse sai an bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci kafin a tara. Idan benzen ake nema, ƙaramar kwalba ake cikawa maƙil, ba a barin ko kumfa ɗaya, saboda yana gudu cikin iska. A rubuta sunan rijiya da rana da sa'a, a sa cikin ƙanƙara, a kai ba da jinkiri ba. Ga yawancin magungunan ƙwari, bai kamata a wuce kwana 7 ba a fara aiki a kan ruwan. A Yamai akwai LANSPEX, ɗakin awo na ƙasa da aka kafa a 1996, wanda aikinsa ya haɗa da duba magunguna da abinci da ruwan sha. Tsakanin Damagaram da Yamai kuwa kusan kilomita 900 ne, ga zafin bazara. Kowa ya ga abin da ya sa ba a ɗaukar kwalba a ba direba a ce ya miƙa.

A ɗakin awo, aikin farko shi ne tattara gubar wuri ɗaya. Ana bi da lita ɗaya ta ruwan ta cikin wani ɗan bututu mai gari na musamman, wanda ke kama sinadaran ya bar ruwa ya wuce. Sai a wanko su da wani ruwan sinadari, a ƙafe shi har ya koma mililita ɗaya. Abin da ya watsu a lita ya taru a ɗan ɗigo, ƙarfinsa ya ninka sau dubu.

Aiki na biyu shi ne rarrabewa, domin ɗigon nan yana iya ƙunsar abubuwa ɗari. Dabarar ana kiranta kuromatogarafi, wani masanin tsirrai na ƙasar Rasha mai suna Tswett ne ya fito da ita a farkon shekarun 1900, lokacin da yake raba launukan ganye. Kowane aji yana iya gwada ta. A samo baƙin alƙalamin kala na ƴan makaranta, a ɗiga a kusa da gefen takarda mai shan ruwa, a tsoma bakin takardar cikin ruwa ba tare da ɗigon ya nutse ba. Ruwa zai hau, baƙin ya rabu, shuɗi ya yi gaba, ja ko rawaya ya tsaya a baya. Kada a gwada da tawadar allo, ita gawayi ce, ba za ta rabu ba.

Na'urar ɗakin awo haka take aiki, sai dai a maimakon takarda tana da bututu siriri mai tsawon mita 30, wanda raminsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, an naɗe shi a cikin tanda. Ana zafafa ɗigon ya zama tururi, wata iska ta tura shi ciki. Ku ɗauka mutum goma ne suka shiga kasuwar Dole ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Baƙon da bai san kowa ba shi zai fara fita ta ɗaya ƙofar. Ɗan gari mai yawan gaisuwa sai ya tsaya a kowace rumfa, ya fito a ƙarshe. Haka kowane sinadari yake da lokacin fitowarsa, gwargwadon yadda yake manne wa bangon bututun, kuma lokacin ba ya canzawa muddin ba a canza yanayin na'urar ba. A bakin fita akwai wata na'ura da ke farfasa sinadarin ta auna nauyin gutsattsarinsa. Yadda kowanne yake fashewa nasa ne shi kaɗai, kamar dangwalen yatsa a katin ɗan ƙasa. Daga nan kwamfuta take gane sunansa. Yawansa kuwa ana saninsa ne ta hanyar gwada shi da gubar da aka riga aka san nauyinta. Ana kuma bi da tsabtataccen ruwa ta duk waɗannan matakai, don a tabbata ba kayan aikin ne suka kawo dattin ba. Sinadaran da ba sa zama tururi, irin parakwat da gilifosat, wata na'urar ake sa musu mai tura su da ruwa.

Karanta takardar sakamako

Nan ne ilimin da muke koya a cibiyoyinmu zai yi rana. Na'ura ba ta ganin sai abin da aka ce ta nema. Awon da aka saba yi idan an gama sabuwar rijiya yakan duba ƙwayoyin cuta da gishiri da ƙarfe da fuluwo. Wannan awo yana da muhimmanci, amma ba ya cewa komai game da maganin ƙwari ko fetur. Saboda haka idan aka ce wa kwamitin rijiya "an auna, ruwanku lafiya lau", sai ya yi godiya, sa'an nan ya tambaya cikin ladabi: me da me aka nema? Idan an rubuta "ba a gani ba", ma'anarsa abin bai kai ƙaramin adadin da na'urar ke iya gani ba. A duba wannan adadi, a gwada shi da ƙa'idar OMS. In na'urar ba ta ganin abin da ya gaza mikrogiram ɗaya, to ba ta da ta cewa a kan diyeldirin.

Awo ɗaya kuma labarin rana ɗaya ne. Rijiyar lambu da aka auna a watan Oktoba, kafin a fara noman rani, ba ita ce ta watan Fabrairu ba, lokacin da feshi ya yi yawa. Ruwan sama na farko yana wanko abin da ya kwanta a ƙasa tun rani. Piya-piya da ya faɗa rijiya ranar Litinin, idan aka zo ɗiba bayan mako uku ba lalle a same shi ba. Abin da ake kira sa ido shi ne a riƙa auna rijiya ɗaya, a lokuta sanannu, shekara bayan shekara, ana rubutawa, har a ga ko adadin yana hawa ko yana sauka. Wannan awo yana da tsada, ba kowace rijiya za a yi wa ba. A ganinmu, waɗanda suka fi cancanta su ne filayen da ake jawo ruwan birni daga cikinsu, da gajerun rijiyoyin da ke tsakiyar lambuna, da na kusa da ma'ajiyar magani ko ta mai.

Abin da ke hannunmu

Kada a dogara da tafasawa. Tana kashe ƙwayoyin cuta, amma yawancin magungunan ƙwari suna nan, in ma ruwan ya ƙone sai su ƙara kauri. Ƙyalle ba ya tare su, alif da ƴaƴan zogale laka suke kwantarwa. Akwai gawayi na musamman da masana'anta ke sarrafawa wanda ke kama da yawa daga cikinsu, amma gawayin murhu ba ya maye gurbinsa.

Jabel ma ba ya kawar da su. Tun 1974 aka gano a ƙasar Holan cewa idan ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da dattin ruwa yana haifar da wasu sinadarai, waɗanda su ma ake aunawa. Kada wannan ya sa kowa ya bar sa jabel ko ƙwayar Aquatabs. OMS da kanta ta ce haɗarin zawo da kwalara ya fi wannan nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne a bar ruwan tabki ya kwanta, a tace shi, sa'an nan a sa.

Tun da fitar da guba daga rijiya ya fi ƙarfinmu, sai mu hana ta shiga. A ɗebi ruwa a tafi da shi nesa, taki hamsin ko fiye, a haɗa magani a can. Gugan sha dabam, na feshi dabam. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ɗaurayen cikin famfon feshi, a huda ta don kada yaro ko uwargida su ɗauka. A sayi magani mai lamba da takarda, a tambayi malamin gona kafin a fesa. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓe da marufi.

An ce ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ga kifi ko kwaɗi sun mutu a tabki, ko maiƙo yana yawo a kan ruwa, ko dabbobi sun sunsuna sun ƙi sha, a dakatar da shan ruwan nan take, a sanar da mai gari da magajin gari, su kira ma'aikatan ruwa da na tsabta tun abin bai gushe ba. Wanda ya sha ya kama zubar da miyau, da gumi, da amai, numfashi yana yi masa wuya, a garzaya da shi gidan likita tare da kwalbar maganin da ake zato. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai da ƙarfi.

Aikin aji na wannan wata: kowace cibiya ta ware littafi ɗaya na rijiyoyin garinta. A rubuta sunan kowace rijiya, da zurfinta, da nisanta daga lambu ko wurin sayar da mai, da sunayen magungunan da ake fesawa kusa da ita kamar yadda suke a jikin kwalba, da watan da ake fesa su. Ranar da ma'aikacin awo ya zo, wannan littafi ne zai gaya masa abin da zai nema. Sa'an nan a yi wannan lissafi a allo: idan rijiyar da muka ambata ruwanta ya ja baya a bazara, ya koma lita dubu 2 da 500, cokalin nan ɗaya zai sa ta wuce ƙa'ida sau nawa?